Wanda Ya Yi Tsalle Daga Gadar Kwal

A Port Ansel in ka tambayi gidan Vernon Sadowski sai a tsaya ana sosa ƙeya, amma in ka ce Mai Tsalle, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka. Shekara arba'in da ɗaya Vern ya yi yana tuƙa janwe, yana ciro motocin mutane daga rami da cikin ƙanƙara, bai taɓa barin kowa a kan hanya ba. Ba wanda ya taɓa yi masa kirari da wannan. Abin da garin ya riƙe nasa bai kai daƙiƙa huɗu ba, kuma ko shi ɗin ba nasa ba ne.

A bazarar 1975 wani mai sayar da kafet, Sal Brancato, ya iso garin da kyamarar haya da ƙaton tumbi, ya ce shi fim zai yi. Sunan fim ɗin Jini a Tashar Kwal. Labarinsa bai fi a faɗe shi da numfashi ɗaya ba: wani mugu sanye da hular masu walda yana bin 'yan mata da guduma, su kuma suna gudu cikin tufafin da ko a ɗakin kwana sun yi kaɗan. Jinin da aka yi ta zubarwa ruwan sukari ne da jan kala, har ƙudajen garin suka yi ƙiba a makon nan. Da fim ɗin ya fito, fasto ya yi wa'azi mai zafi a kansa, sai duk cocin ta ɗunguma sinimar da ake kallo daga cikin mota don ta tabbatar da muninsa. Sati biyu ya yi, aka sauke shi, duniya ta manta.

Vern ne mugun. Yana da shekara ashirin da uku, yana da faɗin kafaɗa, yana da hular walda tasa ta kansa, kuma ba a buƙatar ya ce uffan. A ƙarshen fim 'yan sanda suna ritsa mugun a kan gadar jirgin ƙasa da tsakar dare, sai ya daka tsalle ya faɗa kogi. Duhu ne ɗinɗim a wurin. Ba abin da kake gani sai wata inuwa ta rabu da gada, sai ƙarar ruwa.

A kan inuwar nan Vern ya gina rayuwarsa. Kullum da safe yana kan kujera ta uku a shagon kofi na Merle Hakala, abokinsa tun firamare, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya ji labarin. Da farko tsayin gadar ƙafa arba'in ne. Da aka haifi 'yarsu ta fari ya koma sittin. Kafin ya bar aiki ya kai tasa'in, har da iska mai ƙarfi da ta taso daga tafki.

"Vern, don Allah gadar nan girma take yi, ko kogin ne ke nutsewa?" in ji Merle yana goge teburin shagon.

"Kai da ko tsani ba ka iya hawa? Zuba mini kofi, ka bar maza su yi magana."

To ga abin da ya faru a ranar. Vern ya hau gadar lafiya lau, ya kai tsakiya, ya yi kuskuren leƙa ƙasa. Nan take gwiwoyinsa suka ce sun gama aiki. Ya rungume wani ƙarfe da hannu biyu, ya runtse ido, Brancato na ƙasa yana ihu da lasifika yana zagin kakanninsa. Darlene Pruitt ce ta hau ta same shi, budurwarsa, 'yar shekara goma sha tara, wadda aka ɗauka don ta riƙa kawo wa ma'aikata burodi da nama. Tun tana 'yar goma take satar jiki tana tsalle daga gadar nan tare da yayyenta maza. Ta ce masa, "Cire rigar, ka ba ni hular." Ta saka, ta yi tsallen, ta fito tana matse gashi. Shi kuwa sai da aka hau da igiya aka sauko da shi.

Ban da su biyu, mutum huɗu ne kawai a wurin, duk baƙi ne, washegari suka koma inda suka fito. Mahaifin Darlene dattijon coci ne mai zafin hannu, da ya ji 'yarsa ta shiga wannan fim da ya kore ta daga gida. Don haka suka shirya a ce Vern ne. Abin dariya, tsohon da bai taɓa ƙaunar ganin Vern ba, jin labarin tsallen sai ya ce ashe yaron yana da zuciya, ya ba shi 'yarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tsohon ya rasu yau shekara talatin, dalilin ƙaryar ya bi shi kabari, amma ƙaryar ta zauna daram tana ƙara tsawo. Darlene ba ta taɓa tona shi ba. Iyakarta, in ya ga gizo-gizo a banɗaki ya kira ta, sai ta zo da tsintsiya tana cewa, "Matsa gefe, Jarumi."

Vern yana da shekara saba'in aka bugo masa waya. Wata mata ce, Noemi Cardenas, daga wani ƙaramin kamfani da ba shi da sana'a sai tono finafinan da duniya ta tofar. An tsinci gwangwanaye tara na uwar fim ɗin, wato ainihin zaren da ya fito daga cikin kyamara, a rumbun 'yar Brancato, suna warin tsami. Noemi ta yi wata bakwai tana wanke shi, tana liƙe inda ya yage, tana goge ƙarce hoto bayan hoto. Yanzu za su fitar da shi a faifai, kwafi dubu uku, cikin kwali mai ƙyalli.

"Wa zai sayi wannan shirmen?" Vern ya tambaya, don ko shi bai taɓa cewa fim ɗin yana da kyau ba.

"Mista Sadowski, sun riga sun saye rabi."

Ashe akwai wata al'umma guda, yawancinsu maza masu gemu da baƙaƙen riguna, waɗanda in fim bai yi muni sosai ba ba sa kallonsa. Wani farfesa a cikinsu ya rubuta shafi goma sha biyu da za a saka a kwalin, ya ce gudumar mugun tana nufin mutuwar masana'antu, hular walda kuma fuskar talakan da aka shafe. Vern ya karanta sau biyu. Shi dai abin da ya sani, an zaɓi guduma ne saboda wuƙar roba ta narke a bayan mota. Amma daga ranar ya fara cewa a shagon Merle, "Ai dama ni na ji a jikina fim ɗin yana da zurfi."

Al'adar waɗannan mutane ce a zaunar da wani da ya fito a fim ya yi ta surutu daga farko har ƙarshe, a ɗora muryarsa a faifan, mai so ya kunna. Noemi ta zo da kanta da na'urar ɗaukar murya. Gyaran bai kammala ba a lokacin, sai suka saka tsohon kaset mai dishi-dishi a falo, Vern yana kallo yana magana. Da aka zo gada, ya gyara zama, ya saki murya irin ta mai wa'azi. Darlene tana kicin tana yanka kabeji, ba a ji komai daga gare ta ba sai ƙarar wuƙa, wadda ta ɗan ƙara sauri.

Kwalin faifan ya iso ranar wata Talata. Kafin nan Vern ya riga ya kama zauren 'yan kwana-kwana don ranar Lahadi bayan coci, ya gayyaci duk garin, Merle ya yi alkawarin soyayyen kifi da dankali. Darlene ta tafi wurin ninƙaya, inda take zuwa sau uku a mako tare da sauran tsofaffin mata. Vern ya zauna shi kaɗai, ya saka faifan, ya kunna muryarsa, ya tsallake kai tsaye zuwa ƙarshe don ya ji yadda ya yi.

Rana ce tsaka a kan allon. Sama shuɗiya garau, har da tsuntsaye. Ga gada, kowace ƙusa a bayyane. Ga mugun a bakin gada, rigar ta yi masa yawa, hannuwanta sun rufe yatsu. Ga kuma wani ƙato can gefen hagu, daga shi sai singileti, ya ƙanƙame ƙarfe, ido a rufe, baki a buɗe. Muryar Vern tana fita daga talabijin cikin natsuwa: "A daidai nan babu ɗigon tsoro a zuciyata. Na dubi ruwan, na ce masa ga ni nan zuwa." Mugun ya yi tsalle, hular ta cire a iska, jan gashi ya warware.

Vern ya kashe talabijin. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo ya kunna, ko Allah zai sa abin ya canza. Bai canza ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba tun ranar gadar, don ya san garinsu: za su yi masa dariya har a wurin jana'izarsa.

Bai gama neman lambar Noemi ba sai ga kiranta.

"Mista Sadowski, na tafka kuskure. Kada ka nuna wa kowa faifan nan."

Ta yi masa bayani. Masu ƙaramin ƙarfi a wancan zamani ba su da fitilun ɗaukar hoto da dare. Da rana suke ɗauka, sai in an je wanke fim a ce wa mai wankin ya danne hasken ya zuba shuɗi, ya zama dare. A jikin uwar fim kuwa rana tana nan yadda Allah ya yi ta. Takardar da ke cewa a duhunta wurin ta ɓace, Brancato ya mutu, kaset ɗin da ta gani ta ɗauka tsufa ne ya cinye haskensa. Sai ta zauna ta yi kwana huɗu tana fito da kowane lungu fes, tana alfahari.

"Masu saye sun taso mini," in ji ta. "Tun jiya suke zagina. Wai na ci amanar darakta."

"Sun... sun ga wanda ke gefe?"

"Mai singileti? Sun ce ma'aikaci ne ya shiga hoto. Abin da ya dame su shi ne ɗan sanda ya ce tsakar dare ne, ga kuma rana tana dukan hularsa." Ta sassauta murya. "Ni dai na yi kwana huɗu ina kallon fuskar, Mista Sadowski. Kuma na sha kofi a falonka."

Vern ya ƙara manna wayar a kunne, ita kuwa ta ci gaba.

"Za mu buga sabon faifai, mu mayar da dare inda yake, mu aika wa kowa. Haka ƙa'idar aikin take, ba don kai ba. Naka zai iso kafin Lahadi."

Ka ji mai sa'a. Mutum dubu uku sun ga asirinsa da idonsu, suka tashi da faɗa sai an rufe. Vern ya ajiye waya ya yi wata 'yar rawa a tsakar falo, gwiwarsa ta tuna masa shekarunsa, ya zauna.

Ya kamata ya jefa faifan a shara. Har ya kai bakin kwandon, sai ya ce bari ya ƙara duba ƙaton nan sau ɗaya, ya ga ko da gaske ana gane shi. Ana gane shi sarai, har tabon da ke kafaɗarsa. Ya sake mayarwa. A karo na huɗu ne idonsa ya bar mai singileti ya bi wadda ta yi tsallen. Ya danna maɓallin da ke tafiyar da hoto a hankali. Ta taka bakin gada da yatsun ƙafa, ta buɗe hannuwa, ta tafi. Da hular ta cire, sai ga fuskarta, kuma dariya take yi. Dariya sosai, baki har kunne, ita kaɗai tsakanin gada da ruwa.

Sai a lokacin ya tuna cewa shi bai taɓa ganin tsallen ba. Idonsa a rufe yake. Shekara arba'in da bakwai yana ba da labarin abin da bai yi ba, bai kuma gani ba. Ya san Darlene mai biyan buƙatar gida, mai tsintsiya, mai baƙar magana, ya san ta da ciki, ya san ta a bakin kabarin mahaifinta. Wannan yarinyar da ke cikin iska bai taɓa haɗuwa da ita ba. Kunya ta rufe shi, wata iri dabam da ta ɗazu, mai nauyi, kuma ba ruwanta da mutanen gari.

Da yamma suna cin abinci ya yi ta juya cokali.

"Dar, wai me mutum ke ji a can sama? Bayan ya saki gadar?"

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Ni za ka tambaya? Ai kai ka yi tsallen."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Na ji ka faɗa sau dubu, babu ɗigon tsoro. Ci abincinka kafin ya huce."

Ba da faɗa ta faɗa ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ta daɗe da sallama masa abin, kamar yadda ake bar wa maƙwabci tsanin da ya ara ya ƙi mayarwa.

Gyararren faifan ya iso ranar Asabar, da ɗan jan ɗigo a jikinsa don a bambance. Ya gwada shi. Noemi ta iya aikinta: dare ya dawo, shuɗi mai kyau, ba singileti, ba jan gashi, inuwa ce kawai ta rabu da gada. Sunansa ya tsira. Ya zauna yana kallon duhun, yana neman inda fuskarta take, bai samu ba.

Ranar Lahadi zauren ya cika, mutum ya fi tamanin. An ja labule, ƙamshin kifi ya gauraye ko'ina. Merle ya sa an yi kek mai siffar gada, da ɗan mutum-mutumi a bakinta. 'Ya'yansu biyu sun zo da iyalansu, sabon fasto ma ya zo, ya ce don ya san tarihin gari. Darlene tana layin gaba da jakarta a cinya, da fuskar wadda za ta sake jin wa'azin da ta haddace. Vern ya tsaya gaban na'ura, faifai biyu a aljihun kwat ɗinsa. Ya ciro mai jan ɗigo, ya dube shi, ya mayar. Ya saka ɗayan. Sannan, da yake in za a sha kunya gara a sha ta da romonta, ya kunna har da muryarsa.

Minti tamanin aka yi ana shewa. Mutane suna nuna gidajensu na da, suna gane motocin iyayensu. Wata tsohuwa mai sanda ta ga kanta tana gudu da ɗan kamfai, ta ce da ƙarfi, "Ku kalla da kyau, ba za ku sake ganin irinsu ba!" Vern bai zauna ba. Yana tsaye jikin bango, ya riƙe bayan wata kujera da hannu biyu.

Aka zo gada. Rana ta haske zauren.

"A'a, ba da dare ba ne?" wani ya tambaya.

"A daidai nan babu ɗigon tsoro a zuciyata," in ji muryar Vern.

Merle ya miƙe a hankali, yana nuna gefen allon da cokali mai yatsu. "Jama'a, wane ne wancan mai singileti? Kai! Vern! Uban wa ka runguma haka?"

"Na dubi ruwan, na ce masa ga ni nan zuwa."

Zauren ya fashe. Wani ya faɗo daga kujera, fasto ya rufe fuska da faranti, Merle yana dukan tebur yana cewa, "Ƙafa tasa'in! Shekara arba'in ina ba ka kofi kyauta!" Vern ya tsaya ya sha, bai sunkuyar da kai ba, ko da yake kunnuwansa sun yi ja kamar an murɗe su. Sai hular ta cire, jan gashin ya warware, dariyar ta fara yankewa daga layin gaba zuwa baya.

"Mama?" in ji babbar 'yarsu. "Mama, ke ce?"

 Darlene ba ta dubi 'yarta ba, ba ta dubi Vern ba. Ruwa ya riga ya rufe a kan allon, sunaye sun fara hawa, ita tana nan ta ƙura ido, hannunta ɗaya a kan baki. Vern ya taho ya tsaya kusa da ita. Ya shirya jawabi tun jiya, mai kyau, har da neman gafara, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa.

"Dar," ya ce.

"Yi mini shiru, Vernon."  Ta ciro tabarau ta goge da gefen riga, ta mayar, ta gyara zama. "Kashe surutun tsohon nan. Ka mayar da fim ɗin baya, ban gani da kyau ba."